Tayar da Ta Riga Mu Zuwa Pantami

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka zaƙi. Ni ne Buba daga Bolari, Gombe, mai ilimin aji huɗu da taurin kan jaki.

Da kuɗin auduga na sayi a-kori-kura. Na so ta buɗe ƙafa kamar babbar mota, sai na sa mata faifan ƙarfen nan da ake cusawa bayan taya. Bappa makaniki ya ce, "Buba, sai da dogayen ƙusoshi, waɗannan gajeru ne, noti bai kama su sosai ba." Na ce, "Bappa, ni fa na yi boko."

Ranar Asabar na kwashi iyali za mu suna Pantami. Muna tafe 'yata Ladi ta ce, "Baba, ga tayar wani tana gudu ita kaɗai!" Ina cikin yi wa mai ita dariya, sai motata ta durƙusa. Ashe tayata ce!

Alhamdu lillahi, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. A gaishe mini da Bappa, ya yi gaskiya. Sai dai cikin firgita na yi bakancen azumi talatin in yaran sun tsira. Malamai, ana ragi, ko sai na cika?