Magen da ta haihu a kafar hayaƙina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da dukkan masu saurare. Ni ce Rakiya, daga Hindawiyya a nan Jidda.

Tun da maigidana Malam Isa ya rasu ban hura wuta ba, maƙwabta ke kawo mini abinci. Da na fita takaba, na ce zan tuƙa masa tuwon sadaka da hannuna. Na jera itace ke nan sai na ji wani siririn kuka daga kafar hayaƙin madafa. Ashe mage ce ta ga wurin ya huce, ta haihu a ciki.

Maƙwabciyata Inna Zainabu ta riƙe hannuna ta ce, "Ke Rakiya, ajiye ashanar nan! Rashi ɗaya ya ishi gidan nan." Ta zura muciya daga ƙasa don ta koro su, sai kunkunniya ta zubo mata a fuska. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, dariyata ta farko tun rasuwar.

Ta ce, "Halas, shi ke nan, kin more. Yalla, maza ɗauko kan kifi!"

Muka hau saman soro, muka sa kifin cikin kwando, muka ja gefe. Uwar ta fito ta cinye, sannan ta riƙa ɗauko 'ya'yanta da baki tana sakawa a kwandon, kowanne baƙi ƙirin.

Tuwo ya tuƙu, jama'a sun ci, sun yi wa Malam addu'a. Yanzu magen da 'ya'yanta suna ƙarƙashin gadona, gidan ya daina shiru.

Don Allah masu saurare, me ake ba mage mai jego nononta ya ƙaru? Ƙaramin cikinsu ba ya ƙoshi.