Ludayina a Hannun Madam

Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Rabi ce daga unguwar Lazaret.

Tun lokacin da fari ya koro mutanen karkara zuwa unguwarmu, mu mata muke haɗa hatsi, kowace tiya guda, muna dama musu kunu. Ran Talata wani soja ya zo da baƙi anasara. Ya fizge ludayina ya miƙa wa wata madam cikinsu, ya ce mu zauna ƙasa mu tara ƙwarya, za a ɗauki hoto.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu ke damawa!"

Ya ce, "Ke, yi shiru!"

Masu sauraro, ku gaya mini, baƙar mace ba ta bayarwa ne, sai karɓa? Ina gaida abokan dakana. Madam ta tafi, gobe turmi mu yake jira.