Ledar da Kawu Lawwali Ya Ɓoye

Shugaban taro, uban ƙasa, malamanmu, iyayena maza da mata na Isa da Sabon Birni, assalamu alaikum. Sunana Mardiyya, ni ke awon jininku a asibiti. Na gode da kunka baro gona kunka zo, har da waɗanda sunka zo don an ce akwai lemo.

Da farko, ina taya ku murna. Shekara tara ina tambaya, "Kana shan wani magani?" Shekara tara ana ce mini, "Ba ni shan komi." Ashe ƙasarga tamu ba mai shan magani! Masu kemis da ke kowace kwana, hala awaki suke sayar wa.

Na biyu, ga kawuna Lawwali na Kamarawa nan zaune, shi ya ce in faɗi. Bara ya zo da ƙishirwa da yawan fitsari. Na tambaye shi, ya ce, "Haba ɗiyata, ni da magani?" Alhali aljihunsa leda ce cike da ƙwayar bitamin si, yana tsotsa yini guda kamar alawa, wai mai talla ya ce tana ƙara ƙarfin noma. Ita kuwa in ta yi yawa a jini tana iya ruɗa awo, suga na sama, takarda ta nuna ƙasa. Haka awon Kawu ya fito ƙasa, ya ɗaga takardarsa a majalisa kamar ya ci zaɓe, ya ƙara cokali biyu a shayi. Bayan wata huɗu kututturen gero ya soke shi a ƙafa, miki ya ƙi warkewa. Ranar da anka yanke mai yatsu biyu na yi kuka, domin sa hannuna ne a takardar nan.

Ku kuma masu shan ƙwayar ƙiba a ɓoye, ita ɗaga suga take yi. Kada ku wahalar da kanku da rantsuwa, mun ga kumatun.

Jama'a, na'urarmu ba ta duba irin na boka, ba ta leƙa aljihu. Gobe akwai awo, kuma za ni sake tambaya. Kowa ya zo da ledarsa: ta kemis, ta kasuwa, ta maƙwabciya. Kawu ya zo da tasa tun yau, ba wanda ya roƙe shi. Ya ce yatsu takwas sunka rage, kuma ba ya da na kyauta.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya tsare hanyoyinmu, ya kai kowa gida da yatsunsa cikakku.

Na gode.