Sungumin Malama Leah

A tashar Ɗanbatta muna jiran mota ta cika, sai wani dattijo ya dubi matar da ke kusa da shi, ita da 'yarta mai kayan makaranta.

"Baiwar Allah, har kin mayar da ita? Ni jikokina suna gida. Makaranta ba benci, yara a cunkushe, ga korona?"

"Baba, tamu ma ba bencin. Amma muna da Malama Leah."

"Ita ce maganin cutar?"

"Ka ji dai. Ranar da aka koma ta ce yara su ba da tazara, suka ƙi. Wannan 'yar tawa, Aina'u, ta dawo tana kuka, wai an raba ta da ƙawarta, ita da makaranta har abada. Da ƙyar na kai ta washegari. Muka tarar malama ta aro sungumi."

"Sungumi ana girbi? Lafiyarta kuwa?"

"Ƙalau. Ta fitar da su gindin darbejiya, ta bi layi tana sara kamar mai shukar gero, ta ce kowa ya zauna a kan saransa. Har yau ba wanda ya matsa."

Dattijon ya yi dariya har da tafi. "Wato ta shuka 'ya'yan mutane! Wannan ta san mu. Za ta karɓi nawa uku? To ke, yarinya, kin daina kukan?"

"Na daina, Baba. Gero in ya cunkushe ba ya girma. Malama ba raba mu ta yi ba, so take kowa ya rayu."