Ba A Zuba Shayi Sai Na Ƙarshe Ya Iso

Mai girma shugaban wannan ƙungiya ta mahaya keke, mai girma sakatare, iyayenmu da suka kafa ta tun ƙafarmu ba ta kai feda ba, Likita, Lauya, Injiniya da sauran manyanmu na kujerun gaba, 'yan'uwana na kan benci, da ku da kuka tsaya a bakin taga don an ce yau mai faci zai yi magana, assalamu alaikum.

Ina godiya da minti biyar ɗin da aka ba ni, ko da yake na lura an sa sunana a ƙarshen takarda, bayan sanarwar sabuwar riga, lokacin da rabin jama'a kan fara neman hular kwanonsu. Ba komai. Na gode.

Ni ban yi nisa a makaranta ba, kowa ya sani. A kan tsofaffin jaridun da nake shimfiɗa tayoyinku na gyara karatuna. Amma kundin dokokin ƙungiyar nan na karanta shi sau uku, kuma ina shakka ko waɗanda suka sa masa hannu sun karanta shi sau ɗaya. Doka ta bakwai ta ce ba a zuba shayi a zango sai mahayi na ƙarshe ya iso ya jingine kekensa. Shekara goma sha ɗaya ana bin ta. Buta ta huce, a sake ɗora ta, amma ba mai taɓa kofi.

Wanda ya kawo dokar nan kun san shi: Kawu Tela, yayan mahaifiyata, mai baƙin keken ƙarfe. A da yana gaba yana jiran na baya. Yau shekaru da hawan jini sun mai da shi na ƙarshe. Ku duba kujerarsa, ba ya nan. Tambayoyina uku ne.

Ta farko. Asabar uku da suka wuce, saƙon da ya zo wa Kawu a guruf ɗinmu na waya ya ce tashi ƙarfe bakwai. Ya iso bakwai saura biyar, ya tarar da mai gadi kaɗai. An tashi tun bakwai saura kwata. An ce mini kuskure ne. To, mutum goma sha huɗu ne suka yi kuskure iri ɗaya a minti ɗaya? Ni ma ba saƙo na gani ba, Injiniya ne ya biyo ta rumfata ya ce, "Ɗan faci, gobe ka yi sammako." Ina tambaya a gaban kowa: guruf ɗaya muke da shi, ko akwai na biyu da ba a sa wasunmu ba?

Ta biyu. Wa ya ɗauke zangonmu daga shagon ƙasan tudu ya kai shi wancan mai gilashi na bayan hawa? A wane zama aka yanke? Na bi littafin sakatare shafi-shafi, ban gani ba. An ce burodinsu ya fi laushi. Ni dai abin da na sani, hawan nan kilomita biyu ne, keken Kawu giya uku gare shi, naku ashirin da biyu. Ranar da ya daure ya hau, ya iso yana haki, sai wani ya ɗauki kekensa ya kai bayan tankin ruwa kafin a jera na sauran a yi hoto. Hoton yana nan a wayoyinku. Gwiwar hannun Kawu ce kawai ta fito a gefe.

Ta uku ita ce ta hana ni sukuni, domin ina ciki. Asabar da ta wuce ni na ja gaba, iska tana bayanmu, muka iso kamar an koro mu. Ban gama cire safar hannu ba sai ga kofuna a jere, an riga an zuba. Na ce, "Ranka ya daɗe, Kawu fa?" Lauya ya yi dariya ya ce, "Sha abinka, yaro, kafin Tela ya iso ai mun yi jika." Aka yi dariya. Ni ma na yi, kuma na sha. Ba zan tsaya nan in wanke kaina ba. Amma wa ya kira mai shagon tun muna hanya ya ce a zuba? Domin shayin da na sha ya riga ya fara hucewa.

Kawu ya iso bayan minti ashirin. Ya dubi teburin, ya dubi kofunan da aka kife, ya dube ni. Ya juya kekensa ya gangara shi kaɗai.

Jiya na je shagonsa. Ya sace iskar tayoyin biyu, ya rataye keken a ƙusa saman keken ɗinki. Na ce, "Kawu, Likita fa ya ce hawan keken nan shi ne rabin maganinka." Bai ɗago daga wuyan rigar da yake ɗinkawa ba, ya ce, "Ɗana, na gaji da a riƙa jirana ana duba agogo. In don tausayi ne, kada kowa ya zo."

Ya ku manyanmu, idan kuna son ƙungiyar masu gudu zalla, ku faɗa da baki, ku kawo shawara a soke doka ta bakwai, mu ɗaga hannu a ƙirga, kowa ya ga hannun kowa. Wannan hanya ce ta mutunci. Amma a riƙa matsar da agogo, a matsar da zango, a matsar da keke daga hoto har dattijo ya kori kansa da kansa, sannan a ce ai shi ya daina zuwa, wannan ba zan yi shiru a kai ba, ko da daga yau za ku kai facinku wani wuri.

Mai yiwuwa zargina bai da tushe. Ina fatan haka, kuma hanyar ƙaryata ni mai sauƙi ce. Ranar Asabar, ƙarfe bakwai, bakwai ta gaskiya, ina ƙofar shagon Kawu da famfona. Daga yau na bar jan gaba, a bayansa zan riƙa tafiya. Ban sani ba ko zai sauko da keken. Idan ya leƙo ya gan ni ni kaɗai, ba zai sauko da shi ba, ni kuma na sami amsar tambayoyina uku ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Allah ya tsare mu a kan kwalta, ya kare mu daga rami da direba mai gaggawa. Allah ya ba Kawu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon faɗin gaskiya, ya kai kowannenmu shekarun da zai zama na ƙarshe a layi, ya kuma sa ya tarar ana jiransa.

Na gode.