Muryar Mai Waƙar Fiyano

A rumfar mai kaset ta Ƙofar Kuyambana, wani dattijo da wani matashi suna sauraron kaset ɗin da wasu samari 'yan fiyano suka buga da kansu.

"Wannan ai ba kiɗa ba ne," in ji dattijon. "Ba kalangu, ba garaya, sai ƙarar na'ura."

"Haba Baba, duk gari shi ake sawa! Wani ɗan jarida ne kaɗai ya kushe shi, wai mawaƙin ba shi da murya."

"Ƙarya yake! Yaron da ni na koya masa ƙira'a?"

"Au, ɗanka ne?"

"Tun da ya shiga harkar nan ba na amsa gaisuwarsa." Sai ya juya wajen mai rumfar. "Malam, ɗan ƙaro sauti, yanzu zai shigo."