Gilashin da Ke Kan Goshin Malam Lorne

Shugabar wannan taro kuma shugabar ƙungiyarmu ta masu nutso, Uwargida Noreen Tkachuk. Direbobin jiragen da ke kai mu tsakiyar tafki su dawo da mu lafiya. Jami'an ceto na gaɓar Tobermory. Iyayenmu da suka dafa kifi da dankalin da muka cinye. Tsofaffin 'yan nutso da sababbi. Da babban baƙonmu, malaminmu Lorne Beaudry: ina yi muku barka da yamma.

Ina godiya da aka ba ni, ni Colette Varga, damar magana a ranar da Malam Lorne ke ajiye aiki bayan shekara talatin da huɗu yana koyar da nutso. Na san dalilin da ya sa aka zaɓe ni: duk ɗakin nan babu wanda ya kai ni faɗa da shi. Maganata uku ce, kuma duk a kan abu guda ne, wato gilashin da muke rufe ido da hanci da shi a cikin ruwa.

Ta farko, doka ce da kowa a nan ya haddace. In ka taso saman ruwa, gilashinka ya zauna a fuskarka, ko ka sauke shi wuyanka. Ba a ɗora shi a goshi. A goshi, igiyar ruwa ɗaya ta isa ta tafi da shi. Abin da ya fi wannan, mutumin da tsoro ya kama shi ne ke ture gilashi sama ya tofar da abin shaƙar iska, ba tare da ya san ya yi ba. Wasu makarantu faɗa kawai suke yi a wuce. Malaminmu kuwa ba ya faɗa. Da ya hango gilashi a goshi sai ka ji tsundum, ya iso wurinka, ya juya ka rigingine, ya hura maka rigar iskar da ke hana ka nutsewa, ya jawo ka har bakin jirgi kamar buhun dankali, jama'a na tafi. Sau uku ya yi mini haka, jama'a, sau uku! A na ukun na ce masa lafiyata ƙalau, goshina ne kawai ke ƙaiƙayi. Bai ko sassauta ba. Ya ce, "Colette, wanda ke nutsewa ma cewa yake lafiyarsa ƙalau. Ni ba na tambayar baki, goshi nake dubawa." Na yi mako biyu ba na gaishe shi, kuma ina zaton bai ma lura ba.

Ta biyu ita ce ranar da na daina fushi. Shekara tara ke nan, a watan Yuni, ruwa da sanyin da ke shiga haƙori. Mun gangara kan tsohon jirgin da ya nutse, ni da mijina Wendell, ga shi can yana sunkuyar da kai. Muka taso nesa da jirginmu kaɗan, na juya ina neman igiyar jirgi. Wendell bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba. Ƙirjinsa ne ya riƙe, numfashi ya ƙi, ya ture gilashinsa sama. Ina kusa da shi taku biyar, wallahi ban gani ba. Da a ce mu mutane ne masu yawo da gilashi a goshi, da wanda ke jirgi ya kalle shi ya ci gaba da shan kofinsa. Amma a ƙungiyar nan, saboda kunyar da mutumin nan ya sha ba mu, babu mai yin haka da gangan. Kafin in juyo, Malam ya riga ya faɗo daga jirgi, ya kwance masa ɗamarar darmar da ke jan mai nutso ƙasa, ya tallafi kansa. Likita ya ce 'yan mintoci ne suka raba ni da takaba. Shi ya sa nake roƙon kwamiti, da na ji ana cewa wannan al'ada ta tsufa kuma tana kunyata sababbin zuwa: ku bar ta yadda take. Na sha kunyar, ban mutu ba, kuma ga mijina a zaune yana cin rabona na kifi.

Ta uku, da kai nake, Malam. Tun da likita ya hana ka shiga ruwa, wata biyu ke nan ba mu gan ka a bakin gaɓa ba. Noreen ta buga waya, ka ce lafiya ƙalau. Wendell ya je gidanka, ka tare shi a ƙofa ka ce lafiya ƙalau. Mun san gidan ya yi maka girma tun rasuwar matarka Odette, mun san ruwan nan ne ya riƙe ka bayanta, kuma mun ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba. To ka taɓa kanka ka ji. Tun da ka zauna a kujerar nan, tabaran karatunka na kan goshinka. Kada ka sauke, mun riga mun gani. Kai ka koya mana ba a tambayar baki. Ranar Asabar ƙarfe bakwai na safe Wendell zai tsaya a ƙofarka, kuma ba shawara muka zo yi ba. Akwai kujera a gaban jirgi, muna bukatar ido a kanta, kuma duk tafkin nan babu ido irin naka. In ka ƙi fitowa, mu arba'in ne, kuma duk mun iya jan mutum.

Allah ya ƙara wa malaminmu lafiya da nisan kwana. Allah ya ji ƙan Odette. Allah ya sa duk wanda ya gangara ƙasan tafkin nan ya taso lafiya, ya tarar da mai kallonsa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.